Hayar kwalekwale a Jamestown da tsohon da ya san cizon kifi

A watan Disamba da ya wuce ne ni da ƙanen matata da wani abokinmu Alhaji, wanda yake da shagon yadi a Nima, muka yi hayar kwalekwale a gaɓar Jamestown da ke Accra domin mu yi fatsa a teku, kuma tun daga ranar 'yan'uwa da dama a Zango suke tambayata ko tafiyar ta biya kuɗinta. Amsata ita ce ta biya, amma ba saboda yawan kifin da muka kamo ba. Abin da ya biya kuɗin shi ne ilimin dattijon da ya ja ragamar jirgin, wanda ya ɗauki guntun kifi guda da wani abu ya datse a ƙarƙashin ruwa, ya yi mana bayanin wanda ya datse shi dalla-dalla. Akwai kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba, ɗaya daga cikinsu ma babba ne, kuma zan faɗe su yadda na gan su.

Ni ba baƙon ruwa ba ne. Na yi ƙuruciyata a Yeji, a bakin tafkin Volta, inda kawuna ya koya mini ɗaura ƙugiya da sanin bambancin jan tarwaɗa da na karfasa tun kafin su fito fili. Sai dai teku daban, tafki daban, kuma duk shekarun da na yi a Accra ban taɓa wuce inda ruwa yake kai mini gwiwa ba. Masu wannan jirgi masunta ne 'yan ƙabilar Ga, ba kamfani ba ne, ba su da ofis ko allon talla, kamun kifi ne sana'arsu, hayar kuwa suna yin ta ne idan an samu wanda ya nema ta hannun wanda suka sani. Mun fara sa ranar Talata domin ita ce Alhaji yake da sarari, sai aka gaya mana cewa masuntan Ga ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce da suka gada kuma har yau ana kiyaye ta, don haka muka mayar da tafiyar Asabar. Duk mai niyyar zuwa ya fara sanin wannan kafin ya shirya.

Mun yi sallar Asuba muka kama hanya, muka iso ƙarƙashin hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai jan fenti da fari gari bai gama wayewa ba. An yi da mu za a tashi da ƙarfe shida, amma ba mu bar gaɓa ba sai wajen bakwai da rabi, saboda man inji bai iso ba. Man nan da ake kira firimis, wanda ake sayarwa masunta a gaɓa, ba kullum ake samunsa a kan lokaci ba, na kuma yarda ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, amma da sun tanade shi tun jiya da ba mu rasa sanyin safiya ba, wanda shi ne lokacin da kifi ya fi ci. Jirgin kansa irin na gargajiya ne da ake sassaƙawa daga gungumen itacen da ake kira wawa, an ƙara masa katako a gefe, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a ɗaure a kwiɓinsa. Su uku ne a ciki: dattijon da suke kira bosun, wato shugaban jirgi, da samari biyu, ɗaya a kan inji, ɗaya yana kwarfe ruwa da rabin galan. Dattijon yana jin Hausa sosai, ya ce ya koye ta ne a Sabon Zango inda ya yi abokai tun yana yaro, wannan kuwa ya sauƙaƙa mana komai.

Abincin ƙugiyarmu shi ne amane, ƙaramin kifin nan mai sheƙi da ake kyafawa ana ci da dokunu, mun saye shi ɗanye a hannun matan gaɓa. Kifi ne da yake cika teku daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi yake tasowa daga ƙasa, a Disamba kuwa yakan yi ƙaranci, shi ya sa dattijon ya zaɓi kowanne da hannunsa yana duba idonsa da taurin jikinsa. Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ya nemo wurin da za mu yi fatsa ba tare da wata na'ura ba. Ya riƙa waiwayen gaɓa cikin hazo yana daidaita hasumiyar da wani dogon gini da ke bayanta, yana kuma duban fadar Osu ta gabas, har sai da alamomin suka zo masa daidai, sannan ya ce a rage wuta, akwai duwatsu a ƙarƙashinmu.

Ya soka mini ƙugiya ta hancin kifin, muka saki zare a bayan jirgi yana tafiya a hankali, yadda kifin zai riƙa wutsil-wutsil kamar mai rai. Ba a yi minti ashirin ba na ji an fizge zaren da ƙarfin da ya ƙona mini yatsa, sau ɗaya tak, sai kuma komai ya saki. Na jawo zaren ina jin sa sakayau, da ya iso sai ga kan amanen da kafaɗarsa a jikin ƙugiya, daga tsakiyar ciki zuwa wutsiya kuwa babu, an datse shi kamar an sa wuƙar mahauci.

Nan take gardama ta tashi. Alhaji ya ce wallahi shak ne, mugun kifin nan na teku mai cin nama, domin a wurinsa babu abin da zai raba kifi biyu a teku sai shak, har ya janye hannunsa daga bakin jirgi. Ƙanen matata ya ce kaguwa ce ko kuma farfelar injin ce ta sare shi. Ni kuwa zuciyata ta tafi ga tsage, kifin nan mai haƙora a waje da muka sani a Volta, duk da na san ba ya zama a ruwan gishiri. Na ɗaga guntun zan jefar, sai dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kada ka yar da shi, wasiƙa ce aka aiko maka, bari mu karanta." Na ce, "To Baba, karanta mana, mu dai ba mu iya ba."

Ya ɗora guntun a kan katakon zama, ya zuba masa ruwan teku ya wanke jinin, ya fara da siffar yankan. Ya ce bakin shak faɗi gare shi kuma a lanƙwashe yake, saboda haka idan ya gutsuri abu yakan bar gurbi mai kama da jinjirin wata, kamar yadda yaro yake gutsurar ƙosai. Ko ƙaramin shak irin wanda ake samu kusa da gaɓa, wanda bai wuce mita guda ba, haka cizonsa yake. Namu kuwa yankan a miƙe yake, ya ɗan karkata kaɗan daga baya zuwa ciki, kuma ƙashin bayan ya yanke fes ba tare da ya dagargaje ba. Daga nan ya kama zaren sama da ƙugiya ya bi shi da yatsu biyu har kusan kamu uku, ya kuma ba kowannenmu ya shafa. Fatar shak kaushi gare ta kamar takardar goge katako, domin ƙananan ƙayoyi ne masu kama da haƙora suka rufe ta, kuma idan ya kama abu yakan juya jikinsa ya goga zaren, sai ka ji wurin ya yi gursa-gursa. Zarena sumul yake daga sama har ƙasa. Da wannan Alhaji ya sauka daga maganarsa, ya mayar da hannunsa bakin jirgi.

Maganar kaguwa bai daɗe a kanta ba. Ya ce kaguwa a ƙasa take zaune, ba ta bin abin da jirgi yake ja a saman ruwa, kuma aikinta yagar nama ne tsilla-tsilla ta bar ƙashi. Farfela kuwa tana da nisa da inda kifin yake. Ya ƙara da wasu biyu da ba mu ambata ba. Akwai dabbar nan mai hannuwa da yawa da take fesa baƙin ruwa kamar tawada, wadda take da ɗan baki irin na aku, ita a ƙeya take cizo ta cire ɗan gutsure ta bar sauran jiki. Akwai kuma dolfin, wanda yake da wayon zare jikin kifi gaba ɗaya ya bar kai kaɗai a ƙugiya, amma nasa fizga ce, naman yakan fito a yage da alamun haƙora masu tsini a jere kamar an ja shi da mataji, kuma da yana kusa da mun ga bayansa ko mun ji hucinsa.

Da aka kawar da waɗannan sai ya ce saura uku masu yanka irin wannan, kuma a nan ne na gane cewa mutumin ba faɗa kawai yake yi ba. Na farko shi ne wahu, kifi mai tsananin gudu, wanda haƙoransa ƙanana ne a jere kamar bakin zarto, yana yanka kamar almakashin tela ba ya barin wata alama a gefe. Amma wahu kifin zurfi ne, sai an yi nisa sosai inda ruwa ya koma shuɗi tas ake haɗuwa da shi, mu kuwa muna cikin koren ruwa muna hangen gine-ginen gari. Na biyu shi ne wani siririn kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki, dangin makarel, wanda ya ce ya shahara da datse wutsiyar abincin ƙugiya ya bar masunci da kai, kuma yana zuwa kusa da gaɓa. Na uku shi ne barakuda. Domin ya raba tsakanin biyun nan sai ya juya guntun ya buɗe fatar da babban yatsansa, ya nuna mana ramuka biyu masu zurfi a gefen yankan, da wata doguwar tsaga da ta taho daga wajen kunnen kifin. Ya ce mai ɗigo-ɗigon haƙoransa kusan kai ɗaya suke, masu faɗi ne kamar reza, ba sa huda irin wannan rami. Barakuda ne yake da haƙora manya da ƙanana a cakuɗe, da dogayen fiƙoƙi a gaba waɗanda yake fara soke abu da su kafin ya tura shi can cikin baki ya datse. Ya auna tsakanin ramukan biyu da yatsunsa, ya ce wannan ba ƙarami ba ne, zai kai tsawon hannun mutum daga kafaɗa har ya ɗara.

Ya kuma tambaye ni yadda na ji a hannuna, na ce bugu ɗaya ne mai ƙarfi sannan shiru. Ya ce haka barakuda yake yi, yana tsayawa cik kusa da dutse kamar sanda, idan abu mai ƙyalli ya gifta sai ya harbo kansa kamar kibiya ya buge shi a tsakiya. Shak kuwa nauyi ake ji, ya ɗauka ya tafi da zaren yana girgiza kai. Saboda son ƙyallin nan ne ma ya sa Alhaji ya cire agogonsa da zoben azurfa kafin ya sake sa hannu a ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin amfanin ilimin, domin sanin sunan mai cizo ba shi da wata riba idan bai canza yadda ake ɗaura ƙugiya ba. Ya ciro 'yar siririyar waya daga wata tsohuwar gwangwanin madara, ya ɗaura ta tsakanin zaren da ƙugiya domin haƙori kada ya yanke, sannan ya ƙara ƙugiya ta biyu a kan guntuwar waya ya soka ta kusa da wutsiyar sabon amane, daidai inda aka datse na farko. Ya sa yaron inji ya zagayo mu bi ta kan duwatsun nan ta wancan ɓangaren, yana cewa barakuda ba ya saurin barin wurinsa. A zagaye na uku zaren ƙanen matata ya ɗaure, kifin ya yi tsalle sama da ruwa sau biyu, muka ga tsawonsa da farar fatar cikinsa, aka yi ta ja-in-ja har ya gaji, ɗaya daga cikin samarin ya sa ƙugiyar hannu ya ɗago shi, dattijon ya buge shi a ka da gora kafin ya bar kowa ya matso. A ƙugiyar wutsiya ya kamu, wato da ba a ƙara ta ba da shi ma rabi zai bar mana.

Da kifin ya daina motsi ya sa itace ya buɗe bakinsa, ya kira mu mu duba. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama tsawo, a ƙarshensa akwai fiƙa guda da take shiga wani rami a muƙamuƙin sama idan baki ya rufe. A sama haƙora layi biyu ne, na waje ƙanana masu kaifi, na ciki dogaye kamar wuƙaƙe, na ƙasa kuma suna shiga tsakaninsu, shi ya sa bakin yake aiki kamar almakashi. Ya ɗauko guntun nan na farko da ya ajiye a inuwa, ya ɗora shi a kan fiƙoƙin gaba, ramukan biyu suka hau kansu kusan daidai. Alhaji ya yi kabbara ya ce lallai shi ne ɓarawon. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "A'a Alhaji, irinsa ne kuma sa'ansa ne, amma ba zan rantse cewa shi ne ba, domin ba shi kaɗai ne a kan dutsen nan ba." Wannan magana ta ƙara masa daraja a idona fiye da kamun kifin kansa, domin mai neman burge baƙo da ya amsa da na'am ya karɓi yabo.

Can da rana ta ɗaga muka tsaya muka saki darma zuwa ƙasa, sai aka sake samun wani darasin ba tare da an nema ba. Abincin ƙugiyata ya dawo da ƙananan gurabu zagayayyu, kamar an sa cokalin shayi an ƙwaƙule shi, na biyu kuma ya dawo babu ƙugiyar ma ɗungurungum. Kafin dattijon ya yi magana na ce talibambam ne, domin na san ɗan'uwansa na ruwan daɗi, mai haƙora huɗu da suka haɗe suka zama kamar bakin tsuntsu. Ya yi murmushi ya ce na fara iya karatu, ya kuma sa aka ɗaga anga muka sake wuri, domin inda talibambam ya taru asarar ƙugiya kawai ake yi. Mun samu 'yan jajayen kifaye na dutse guda biyar a wuri na gaba, da su da barakudan nan muka dawo.

Yanzu sai abin da ya dame ni. Mu shida ne a cikin jirgi, amma rigar ceto biyu ce kawai, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Ban lura ba sai da muka wuce inda raƙuman ruwa suke karyewa, kuma da na lura tun a gaɓa da ban yarda mun tashi ba, domin Alhaji bai iya iyo ba ko kaɗan. Da na yi magana sai samarin suka ce su a ruwa aka haife su, wanda gaskiya ne, amma mu da muka biya kuɗi ba a ruwa aka haife mu ba, kuma wanda ya ɗauki baƙi ya ɗauki amanar rayukansu. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, kuma ƙwarewar dattijon ba ta shafe shi. Babu rumfa a jirgin, babu akwatin magani, alhali ana mu'amala da ƙugiyoyi da kifi mai irin waɗannan haƙora. Ƙugiyoyin da suka ba mu wasu sun yi tsatsa, wayar nan ma da ta cece mu guntuwa ce da ya daɗe yana adanawa, da an yanke ta da shi ke nan. A dawowa kuma, daidai inda ruwan tafkin Korle yake fitowa teku, leda ta naɗe farfela har sau biyu, sai da aka kashe inji aka cire, jirgi yana ta tangaɗi a gefen igiyar ruwa, a nan ne ƙanen matata ya amayar da kokon da ya sha da safe. Ledar ba laifinsu ba ce, tamu ce mu mutanen gari da muke zubawa a kwata, amma mai zuwa ya san zai gamu da ita.

Batun kuɗi ma yana buƙatar kulawa. Mun yi ciniki a kan jimla guda, da muka sauko sai ɗaya daga cikin samarin ya ce akwai ƙarin kuɗin mai saboda zagayen da aka yi a kan duwatsu. Dattijon ya tsawata masa da yarensu, maganar ta mutu, mu kuma muka ba da abin da ya sauwaƙa don kanmu, amma da an fayyace tun farko ko kuɗin ya haɗa da mai da abincin ƙugiya, da kuma wanda zai tafi da kifin da aka kama, da ba a kai ga haka ba. A yi cinikin a gaban wanda ya haɗa ku, a kuma ambaci awa nawa za a yi a ruwa.

Wanda yake son ya cika buhu da kifi gara ya tafi kasuwar kifi ta Tema ya saya, zai fi masa araha da sauƙi. Wanda kuwa yake son ya koyi teku, musamman irina da ya taso da fatsar kogi yana zaton ya san kamun kifi, ina ba shi shawarar ya nemi irin wannan jirgi, da sharaɗin ya tabbata dattijo ne zai ja shi ba samari kaɗai ba, domin samarin nan biyu, duk da ƙarfinsu da iya sarrafa inji, ko kallon guntun kifin ba su yi ba. Ya zo da rigar cetonsa ya ƙirga ta kowa kafin a tura jirgi, ya zo da waya da sababbin ƙugiyoyi daga shago, da malafa da ruwan sha, kuma kada ya cika ciki kafin ya shiga. Mu mun sa rana a watan Fabrairu, kafin teku ta fara hauka, na riga na sayi riguna uku, dattijon kuma ya yi alkawarin idan ruwa ya kwanta zai kai mu can inda ya koma shuɗi, ya nuna mini yankan wahu da idona.